Azumin Mai Karya

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, irin zafin da ƙadangare ma sai ya nemi gindin randa. Ni likita ya riga ya sallame ni daga azumi, sai ciyarwa, amma maƙogwarona bai ji sanarwar ba. Da la'asar ta yi sai ya bushe tare da na kowa. Shekaranjiya ina kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, wuta ta tafi yawonta, jikata Zulai tana yi min fifita da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Can sai ta tuntsire da dariya har mafici ya faɗo min a fuska.

"Hajiya, wani ne ya tara labaran da aka buga da gaske a ƙasar nan. Wai maciji ya shiga ofis ya haɗiye kuɗin hukuma. Wai ɓeraye sun hana wani babba shiga ofishinsa. Don Allah wa zai yarda da wannan?"

Na ce, "Ɗauki maficinki, 'yar nema, kin kusa tsone min ido. Yi dariyarki, amma ki rage saura. Ni ma na taɓa yi wa wani labari dariya."

Ta ce in ba ta. Na ce sai an sha ruwa. Da aka sha ruwa ta manta, ni kuwa abin ya ƙi barina.

Saura kamar shekara uku a samu 'yancin kai. Lokacin ina da shekara ɗaya a ɗakin Malam Sale, ko ɓari ban taɓa yi ba. Muna zaune a gidajen ma'aikata da ke wajen ganuwa, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da zana. Bauchi ba ta kai rabin rabin ta yau ba. Kasuwar Muda Lawal ko mafarkinta ba a yi ba, unguwar Turawa kuwa, da yanzu kuke ce wa GRA, daga nesa muke hango bishiyoyinta. Malam malamin gona ne, dogo, siriri, kullum a kan keke tsakanin gari da ƙauyuka. Ba shi da yawan magana, kuma abin da ya mallaka a duniya bayan keken nan shi ne bakinsa. In ya ce maka ruwa ya sauka a Zungur, to ka ɗauki irinka ka kama hanya, za ka tarar da ƙasa a jiƙe.

Duk mako yakan zo da jaridar Hausa daga ofis. Bayan la'asar maza su taru a gindin ɗurumin ƙofar gidanmu, shi ya karanta, mu mata mu lallaɓo bayan zana da aikin hannunmu muna saurare. Ba ya ƙari, ba ya ragi. Ko inda takarda ta yage sai ya ce, "Nan ya yage."

Ran nan da kaka, ina ɓarar gyaɗa, na ji ya gyara murya ya karanta cewa mutanen ƙasar Rasha sun ƙera wani abu na ƙarfe, sun sa karya a ciki, sun harba ta sama, kuma tana can tana kewaya duniya, ba ta sauko ba. Sai Ɗanjuma wanzami, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya ce, "Malam, a maimaita mana. Me aka harba?"

"Karya. Macen kare."

"Ai mun ji. Ita ce ka harbo mana yanzun nan."

Gindin ɗurumi ya ɗauka. Wani ya ce wa ke tuƙa mata tuwo a can. Wani ya ce in fitsari ya kama ta kanmu zai zubo ke nan. Wani dattijo da ko murmushi bai yi ba ya ce Turawan da suka kasa kawo famfo unguwar nan su ne za su kai kare wurin taurari? Malam ya ɗaga jaridar yana nuna musu layin da yatsa, alhali a cikinsu ba wanda ya san baƙi ɗaya na boko. Ni kuwa a bayan zana na toshe bakina da gefen zane, na yi dariya har hawaye. Ban ga laifin kowa ba. Labarin ƙanzon kurege ne, ko yaro aka ba shi sai ya ce a canza masa wani.

To a nan ne harshen Bauchi ya shigo cikin maganar. Wanda aka haifa da Hausa yana jin bambancin karya ta kare da ƙarya ta bakin mutum, ɗaya a sake take fita, ɗaya sai an matse maƙogwaro. Amma garinmu gari ne na tarin jama'a. Ga Fulani, ga Jarawa, ga Sayawa, ga wasu da dama, kowa da yarensa a gida, Hausa ta kasuwa ce da wurin aiki, kuma da yawansu duk biyun hanya ɗaya suke fitar da su. Kafin mako ya zagayo Ɗanjuma ya raɗa wa mijina suna Mai Karya. Masu ƙaunarsa suna nufin mai labarin karen nan, masu tsokana suna nufin ɗaya ma'anar, kuma in an faɗa ba ka isa ka ce ga wadda ake nufi ba. Suna linzami ne. Har masu tallar nono in sun leƙo sai su ce, "Gidan Mai Karya, a sayi nono?"

Shi Malam abin da ya dame shi daban ne. Ran nan na ajiye masa tuwo, ya yi loma biyu ya tsame hannu ya ce, "Asabe, jaridar ba ta ce an yi dabarar sauko da ita ba. Kin ga an sa dabba a akwati an rufe, ba ta san laifin da ta yi ba. Wa zai ba ta ruwa?" Na sunkuyar da kai na ce Allah ya kyauta. A raina kuwa cewa na yi, wannan bawan Allah boko ya fara taɓa shi, yana tausayin karen da babu shi.

Daminar shekarar ba ta yi auki ba. Ruwa ya ɗauke dawa tana tsakiyar fitar da kai, gyaɗa rabinta fanko. Tun kafin sanyi ya wuce aka fara taƙaita awo, mudun da muke ci kwana biyu muka koya masa kai uku. Da zafi ya shigo kuwa, ya shigo da fushi. Rijiyar da gidaje shida muke sha ta ja baya, kullum sai an ƙara wa guga igiya. Manoma suka shiga sharar gona, duk yamma hayaƙin ƙona kara ya tokare gefen sama, rana ta faɗi ja wur ba ka ga inda ta shiga ba. A haka watan Sha'aban ya kai ashirin da tara.

Ranar Malam ya tafi Zungur rabon irin gyaɗa tare da abokin aikinsa Istifanus, Kirista ne daga kudancin ƙasar Bauchi, maƙwabcinmu na jikin zana. Matarsa Rifkatu ita ce aminiyata, kuma daga bakinta na ji yadda aka yi, don Malam bai taɓa ba ni labarin dalla-dalla ba. A hanyar dawowa magariba ta riske su a kan wani tudu. Malam ya jingine keke ya hau wani faffaɗan dutse ya yi salla. Yana sallamewa ya ɗaga kai, sai ga jinjirin wata, siriri, a wata 'yar tsaga tsakanin hayaƙi da hayaƙi. Ya kira Istifanus ya nuna masa, shi ma ya gani sarai. Kafin ka karanta Fatiha hayaƙi ya rufe.

Suka taka keke kamar ana korarsu, har zauren wani babban malami da ke karɓar shaidar wata kafin a kai gaba. Ka'ida sai mutum biyu Musulmi, waɗanda aka san ba sa ƙarya. Ashe tun kafin su iso wani makiyayi ya riga ya kawo tasa shaidar, ana zaune ana jiran na biyu. Malam ya durƙusa ya faɗi abin da ya gani da inda ya gani. Dattijon malamin bai san shi ba, don ba ya zuwa unguwarmu, sai ya dubi zauren ya ce, "Wa ya san wannan?"

Istifanus yana tsaye a bakin ƙofa. Ya san ba za a karɓi shaidarsa a kan wata ba, amma ya ga inda zai taimaki abokinsa. Ya cire hula ya ɗaga murya, "Ranka ya daɗe, duk Bauchi an san shi. Shi ne Mai Karya!"

Dattijon ya juya ga mutanen da ke zaune. "Haka ne?"

Su ma ba su yi ƙarya ba. Suka ce, "Haka ake ce masa, Allah gafarta Malam."

Ya daɗe yana kallon mijina, sannan ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗana. Tashi ka tafi." Aka sallami makiyayin shi ma, aka ce a cika Sha'aban talatin. Rifkatu ta ce Istifanus bai gane gyaran gangar auzinawan da ya yi ba sai da suka kusa gida, kuma da ya gane zama ya yi a gefen hanya ya ɗora hannu a ka.

Malam ya shigo da keke, ƙura har gira. Na kawo masa ruwa, ya sha, ya riƙe moɗar a hannu. Ya ce, "Asabe, na ga wata. Na kai shaida an ƙi karɓa. Wanda ya gani da idonsa azumi ya hau kansa, don haka ni gobe da azumi zan tashi. Ke ba na tilasta miki."

Na ce, "Haba Malam. In ka gani ai na gani."

Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa min. Kuma na ga yadda kafaɗunsa suka sauko da na faɗa.

Muka yi sahur mu biyu, unguwa shiru, ba mai kiɗan tashi, ba hayaƙi a gidan kowa. Gari ya waye, Malam ya hau keke ya tafi aiki. Ranar kuwa ita ce ranar da kowa ke sallama da abincin rana. Ƙanshin masa yana tasowa ta wannan zana, na ɗumamen tuwo ta waccan. Ni ga surfe, ga daka, ga jiƙon tsamiya, ga wake da zan ɓarza. Kafin azahar tsakar gida ta zama tanda, in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawa. Mata biyu suka leƙo aron rariya, suka ji wai ina azumi, suka dubi juna. Ɗaya ta ce, "Watan da mijinki ya gani, ko shi ne mai karen a ciki?" Suka fita suna ƙyaƙyatawa.

Na koma kan turmi, taɓarya ta yi min nauyi. Shaiɗan bai sha wahala a kaina ba. Na ce a raina, mutumin da ya yarda kare na yawo a sama, me zai hana ya ga wata inda babu? Malamai sun ƙi, gari duk ya ƙi, ni ce zan fi su sani? Na shiga ɗaki, na buɗe randa, na sha moɗa uku a tsaye. Har yau ina jin sanyin ruwan nan da ɗan ƙanshin ƙasar randa. Na goge bakina, na mayar da faifai, na fita na ci gaba da daka.

Da magariba na shimfiɗa tabarma, na kawo kunu da ƙosai. Leɓensa duk sun tsage. Ya ɗauki ludayi, sai ya fasa, ya miƙo min. "Fara sha. Ni iskar keke na sha, ke kika yini a bakin murhu." Na karɓa na sha. Kunun tsamiya ne mai kyau, amma ban iya duban fuskarsa ba.

Washegari gari ya ɗauki azumi, muka shige cikin jama'a, sai dai lissafinmu ya sha bamban. In gari ya ce yau uku, Malam ya ce huɗu, a cikin gida kawai, ba ya musu da kowa. Jarida kuwa ya daina fita da ita gindin ɗurumi. Yakan karanta abinsa a ɗaki, ya ninke, ya sa ƙarƙashin tabarma. Maza suka ci gaba da zama a wurin suna fifita da hula, ba mai ba su labarin duniya, kuma girman kai ya hana su aiko a kira shi. Gaisuwa ma ta canza. Manomin da a da in Malam ya ce jinkirta shuka zai jinkirta, yanzu sai ya ce "to, to" yana kallon gefe. Wannan ya fi yunwa cin sa, ina gani yana ramewa ta wuya.

An ce goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin Salla. A shekarar marmarin bai kai kwana uku ba. Da an idar da asuba muke layi a rijiya, kowace da tulunta, don kafin hantsi sai laka. Guga ya fito da ruwa ja, a zuba a ƙwarya a bari ya kwanta, a tace da tsumma, na sama na sha, na ƙasa na wanke-wanke, na wanke-wanken kuma a yayyafa a ɗaki don a samu wurin kwanciya. Daga hantsi zuwa azahar aikin turmi, mu uku ko huɗu a gida ɗaya, yau a nan gobe a can, don taɓarya in ta yi yawa aikin ba ya cin rai. Ba mai waƙar daka, yawun bakin ma tattalinsa ake. Daga azahar kuwa unguwa takan mutu. Sai ka jiƙa zane ka lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin zana. Nono ya yi wuya, don shanu sun yi kudu neman ciyawa, abin da ake kawowa tsala ne, rabinsa ruwa. Allah ya taimake mu da mangwaro, shi ya riƙe cikin mutane da yawa a shekarar.

Rifkatu ba ta azumi, amma ta sha wuyarsa tare da mu. Da tsakar rana, lokacin da ba mai iya ɗaga ƙafa, sai ta ɗauki garwa ta tafi har famfon da ke kusa da unguwar Turawa, ta yi sawu biyu, ta raba mana ruwa mai haske na buɗe-baki. Abincinta a ɗaki take ci ta rufe ƙofa, 'ya'yanta ma ta hana su fitowa da loma a hannu. Ran nan tana sauke garwa ta dube ni ta ce, da irin Hausarta, "Kai Asabe, mijinka ya ga wata fa. Istifanus ma ya gan shi. Tun ranar ba ya cin abinci da kyau, ya ce shi ya kashe maganar da bakinsa. Amma kai ka yi kokari, ka tsaya da mijinka." Na ce mata ruwan nan ya yi sanyi, a ina ta samo ganyen da ta rufe shi.

A goman ƙarshe hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Kwana uku yana yi mana haka, zafi ya ƙaru, jiki ya yi ta danƙo. Ran ashirin da shida ga lissafin gari, bayan la'asar, iska ta taso ta kwashe zanar gidaje biyu, ta tafi da faifaina, sannan ruwa ya sauko. Bai fi a dafa shinkafa ba ya ɗauke, ko kwata bai cika ba. Amma ƙanshin ƙasar nan! Manya da azumi a bakinsu suka fito suka tsaya a ciki, baki a rufe gam, ruwa na bin fuska. Ya kashe wutar gonaki, ya wanke sama tas.

Ran ashirin da takwas ba wanda ya fita duban wata, don ba a duban wata ran ashirin da takwas. Ɗinkuna suna wurin tela, ba a yi kitso ba, lalle ko kwaɓa shi ba a yi ba, shinkafar masa tana buhu. Muna zaune mun sha ruwa ke nan sai muka ji wata mata can ƙasan layi ta rangaɗa guɗa, ta katse ta a tsakiya kamar ta tuna wani abu, sannan ta ce, "Jama'a, wancan mene ne?" Na fito tsakar gida. Ga shi nan a saman ɗurumi, fes, ba hayaƙi ba gajimare, mai ciwon ido ma ya gan shi. Gani ya kori ji.

Unguwa ta rikice. Ina jin dattawa a waje suna ƙirga da yatsu, wannan ya ce mun fara ran kaza, wancan ya ce a sake ƙirgawa. Duk ta inda aka biyo ashirin da takwas ne, wata kuwa ba ya yin ashirin da takwas tun da Allah ya halicce shi. Ba a jima ba aka buga bindiga daga cikin gari, mai shela ya biyo baya: gobe Salla, an sha azumi ɗaya a farkon wata, kowa ya rama bayan Salla. An ce rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, to a shekarar gari guda ne ya ji ta. Aka shiga auna zakkar kono a gurguje, turame suka ɗauka ko'ina, wasu suka je idi da riga ba a gama wuyanta ba. Malam yana zaune a tabarma da ludayi a hannu. Bai fita ba, kallon watan kawai yake, sai na ga ya sa bakin hannun riga ya share ido.

Bayan an sauko daga idi gindin ɗurumi ya cika kamar ana suna. Dattijon malamin nan ya aiko babban ɗansa takanas, ya ce a nema masa gafara, shi abin da kunnensa ya ji ke nan, bai san da zancen wani kare ba. Istifanus ya zo da zakara a hammata, ya kasa haɗa ido da kowa. Ɗanjuma ya zo daga ƙarshe, ya tuɓe hula. Wani ya ce masa, "Yau kai za a yi wa aski." Ya ɓata rai, wanzami dai ba ya son jarfa. Ya durƙusa ya ce, "Malam, wata naka ne, mun ba ka. A dawo mana da jarida. Amma karyar nan ta sama, ka yi haƙuri, har yanzu ban haɗiye ta ba." Aka yi dariya, Malam ma ya yi, karo na farko cikin wata biyar.

Ina bayan zana da akushin masa zan miƙa, sai na ji ɗan malamin yana cewa lallai an bar Malam ya yi azumi shi kaɗai a gari guda, abin da ciwo. Malam ya ce, "A'a, ban yi ni kaɗai ba. Iyalina ta yi tare da ni. Ko tambaya ba ta yi ba, cewa ta yi in na gani ta gani. In mutum ɗaya ya yarda da kai a cikin gidanka, sauran duk mai sauƙi ne."

Na miƙa akushin na koma ciki. Yinin ranar mata suna ta shigowa barka da Salla, kowace sai ta ce, "Ke kam kin huta, ba ki da ramuwar gari." Har waɗanda suka zo aron rariya. Ina murmushi ina raba musu masa.

Hanyar ɓuya a buɗe take. Mace ba ta rasa ramuwa, da na so sai in cusa wannan rana cikin kwanakin da mata kan rama, ba mai ƙirga min. Allah zai karɓa, na sani. Amma kwana biyu ina kallon mutumin nan yana tafiya da ƙarfinsa, yana cin tuwo har ya nemi ƙari, kuma na san a kan me ya tsaya. Duk gari sun ƙaryata shi a fuskarsa, sun zo sun ba shi haƙuri a fuskarsa. Ni kaɗai na yi nawa a ɓoye, kuma ni ake yabo. Na ji na tsani kaina.

Rana ta uku da la'asar yana tsakar gida yana facin keke. Ya cire tayar ciki ya hura, yana juya ta a kwanon ruwa yana neman inda ke fitar da iska. Na zo na durƙusa nesa kaɗan.

"Malam, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Ramuwar nan ta gari, har da ni. Ranar farko ban kai azumin ba. Na sha ruwa da azahar."

Hannunsa ya tsaya a cikin kwanon. Bai ɗago ba. Can ya ce, "Ƙishirwa ce ta ci ƙarfinki?"

Ga ƙofa ya buɗe min da kansa. Da na ce e, shi ke nan, zafin ranar kowa ya san shi.

Na ce, "A'a. Ban yarda ka gani ba."

Ƙananan kumfa suna ta fitowa daga tayar, yana kallonsu, bai sa yatsa ya toshe wurin ba. Na so ya yi faɗa, na so ya ce in tafi gidanmu in kwana biyu. Hawaye suna zuba a kan gwiwata, ban share ba. Sai da iskar ta ƙare tas sannan ya fitar da tayar ya ajiye a kan dutse, ya goge hannu a wandonsa.

"Yaushe za ki rama?"

"Gobe, in Allah ya kai mu."

"To ki jiƙa gero na mutum biyu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Azumin mutum ɗaya ba daɗi. Ashe na taɓa yi, ban sani ba."